Sauya Saitin Ƙaramar Bindiga da Hannunka: Tambayoyin da 'Yan'uwa Ke Yi Mini a Jidda

Waɗannan tambayoyi ne da nake sha a wajen 'yan'uwa Hausawa mazauna Jidda da Makka da Ɗa'if, musamman waɗanda muke haɗuwa da su a kulob ɗin harbi. Na tattara su wuri guda domin ina ganin ana ɓata bindigogi masu kyau da guduma, ana kuma kashe kuɗi a kan saiti alhali matsalar tana yatsa. Idan na ce saiti, ina nufin ƙarafa biyun nan da ke saman bindiga: na gaba mai tsini a bakin bututu, da na baya mai tsaga a tsakiya.

Malam, kafin komai, doka ta yarda mutum ya taɓa bindigarsa a gida?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata ta zo da farko, kuma ita ce ake yawan tsallakewa. Dokar makamai da harsasai ta Saudiyya ta fito ne a shekarar 1426 bayan Hijira, wato 2005, kuma Ma'aikatar Cikin Gida ke kula da ita. Ba a kan bindigar kaɗai ta tsaya ba. Ta haɗa da sassanta, da shigo da su daga waje, da sana'ar gyaranta, ta kuma yi tsanani a kan yi wa makami sauyi ba da izini ba. Saboda haka mai bindiga da lasisi ya fara zuwa sashen lasisin makamai ya faɗa musu ainihin abin da yake son yi: cire saitin kamfani, sa wani iri kaza. Idan suka ce a kai wa mai gyara mai lasisi, sai a kai. Abin da na rubuta a nan zai yi maka amfani ko a hakan, domin mai kaya da ya san yadda aikin yake ba a yi masa aikin banza yana kallo.

Ga 'yan'uwanmu masu igama, wato takardar izinin zama, da masu zuwa Umara su ɗan jima, maganar gajeriya ce. Lasisin mallakar bindiga na 'yan ƙasa ne. Abin da ke buɗe muku shi ne kulob mai izini, inda za a ba ku bindigar kulob ku yi harbi a ƙarƙashin mai koyarwa, ku mayar kafin ku fita. Kada wani ya ba ka bindiga ya ce "riƙe mini" ko "duba mini saitin nan", ko da ɗan uwa ne na jini. Abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin zumunci.

Masu zama a Makka da Madina kuma su tuna an hana ɗaukar makami a cikin iyakar Harami, haka a masallatai da makarantu da ofisoshin gwamnati da filayen jirgi da wuraren taro. Tun kafin dokar ƙasa akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya hana ɗaukar makami a Makka.

Bindigata tana harbi ƙasa-ƙasa, ta hagu. Ba saitin ne ya karkace ba?

In kai badama ne, kuma harsashinka yana sauka ƙasa ta hagu, to da wuya laifin saiti ne. Na faɗi wannan ga mutane da yawa, kuma na san ba ya yi wa kowa daɗi. Abin da ke faruwa shi ne, a daidai lokacin da kake jan kunama, sauran yatsun hannun su ma suna matsewa, jiki kuma yana tunkarar bugun da ya san yana tafe, sai bakin bindiga ya ɗan sunkuya ya karkata kafin harsashi ya fita. Bahago nasa yakan sauka ƙasa ta dama, saboda dalili guda.

Gwaji mai sauƙi ne. Ka zauna, ka ɗora hannuwanka a kan jakar yashi, ka harba biyar a hankali a nisan mita 15. Sannan ka roƙi mai koyarwa ya harba biyar da bindigar. In nasa sun taru a tsakiya, ka ajiye kuɗinka ka sayi harsashin atisaye da su. In ku biyu duka kun taru a wuri guda nesa da tsakiya, to yanzu muna iya maganar saiti. Abin lura shi ne taruwar ramukan, ba rami ɗaya ba. Ramuka biyar da suka warwatsu ko'ina a takarda ba su gaya maka komai game da saiti, sun dai gaya maka hannu bai zauna ba tukuna.

To me zai sa mutum ya sauya, in na kamfani yana aiki?

Dalilai na gaskiya uku nake gani. Na farko ƙarko: saitin da bindiga ƙirar Glock ke fitowa da shi daga kamfani na roba ne, yana lanƙwasa, yana goguwa, wani lokaci ya zame daga gurbinsa in ya bugi wani abu. Na biyu ido, wanda zan zo kansa. Na uku irin harbin da kake yi: mai harbin takarda a tsanake yana son baƙin saiti mai kaifin gefe, mai gasar sauri kuma yana son ɗigo mai haske da ido zai cafke nan take.

Wanda dalilinsa kawai ya ga wani da shi a Instagram, ina ba shi shawara ya ari bindigar kulob mai irin wannan saiti ya gwada tukuna.

Kawu, na haura hamsin, saitin gaba ya fara yi mini dishi-dishi. Wane iri zan nema?

Wannan tambaya tana taɓa ni, domin na ga dattawa sun bar harbi gaba ɗaya a kan abin da ke da magani. Daga wajen shekara arba'in ido yakan fara kasa ganin abin da ke kusa, abin nan da ke sa mutum ya riƙa nesanta Alƙur'ani daga fuskarsa. Saitin gaba kuwa yana nan a ƙarshen miƙaƙƙen hannu, daidai inda matsalar take. Ido ba ya iya kama abu uku a lokaci guda, wato saitin baya da na gaba da takarda, kuma ƙa'idar harbi da ƙaramar bindiga ita ce na gaba shi ne zai fito tangaran, sauran biyun su ɗan dushe.

Kafin ka sayi komai, je wajen mai gwajin ido. Auna nisan da ke tsakanin idonka da saitin gaba in ka miƙa hannu, ka gaya masa kana son tabarau da zai ba ka gani mai kyau a wannan nisa. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, nemi saitin baya mai faffaɗar tsaga, baƙi wuluk ba ɗigo, da na gaba siriri mai zaren haske, wanda zan bayyana a tambaya ta gaba. Faɗin tsagar yana barin haske sosai ta gefe biyu na saitin gaba, ido ya samu sauƙin daidaita su. Ɗigo uku farare, biyu a baya ɗaya a gaba, su ne suka fi rikita ido mai rauni, domin na bayan sun fi kusa, sun fi girma, sai su janye hankali daga wanda ya kamata a kalla.

Mene ne bambancin mai zaren haske da mai ci da dare?

Mai zaren haske ɗan siririn sandan roba ne, ja ko kore, kaurinsa milimita 1 ko 1.5. Yana tara hasken da ke kewaye ya fitar da shi ta bakinsa. A ranar ƙasar nan yana ci kamar garwashi, a duhu kuma ba ya komai. Yana karyewa, amma sauya shi ba wuya: a zura sabo, a yanke, a ɗan kusanto da wutar layita ga bakinsa har ya narke ya yi kai, ba tare da wutar ta taɓa shi ba. Man wanke bindiga mai ƙarfi yana sa shi ya bushe ya tsage, don haka a kiyaye.

Mai ci da dare kuwa ɗan ƙaramin kwalban gilashi ne a cikin ƙarfen, cike da iskar tiritiyam, wani nau'in haidurojin mai fitar da tururin nukiliya mara ƙarfi, wanda ke sa fentin cikin kwalban ya yi haske. Ba ya bukatar batir ko rana. Amma yana mutuwa a hankali: duk shekara 12.3 rabin tiritiyam ɗin ya tafi, kuma lissafin yana farawa daga ranar da aka cika kwalban, ba ranar da ka saya ba. Wanda ya daɗe a kanti ya riga ya ci wani kaso na rayuwarsa. Zafi ko sanyi ba su sauya wannan lissafi.

Ra'ayina, ga wanda harbinsa duk a kulob ne ƙarƙashin fitila, tiritiyam kuɗi ne da ba za a ci moriyarsu ba. Ga kuma wahalar shigo da shi, tun da ya haɗa abu biyu da kwastan ke sa wa ido, sashen makami da sinadarin nukiliya.

Zan iya yin oda ta intanet daga Amurka?

Kada ka yi. Amurka kanta tana da dokar fitar da sassan bindiga da saitinta, shi ya sa shaguna da yawa can ba sa aikowa waje. Wanda ya yarda ya aiko, kayan zai faɗa hannun Hukumar Zakka da Haraji da Kwastan, kuma sunanka ne a kan kwalin. Haka batun ba wa mai zuwa Umara saƙo ya sa a jaka: ka jefa bawan Allah cikin abin da bai sani ba. Hanyar da ba fargaba ita ce dillali mai lasisi a cikin ƙasa. Baje kolin shaho da farauta da ake yi kowace shekara a Malham, arewa da Riyad, wuri ne da dillalan ke taruwa, kuma za ka riƙe kayan a hannu ka leƙa ta cikinsa kafin ka biya.

Saiti na bogi ma ya yi yawa a kasuwar intanet. Ƙarfensa laushi, awonsa ba daidai ba, wani kuma an shafa masa fenti mai shan haske ne kawai an kira shi tiritiyam.

Kowane saiti yana hawa kowace bindiga?

A'a, kuma nan ne kuɗi ke yawan salwanta. Saitin baya a yawancin bindigogi yana zaune ne a wani kwari da aka yanka a kan silayid, wato murfin saman nan mai ja da baya. Kwarin faffaɗa ne a ƙasa, matsattse a sama, ta gefe ake tura saitin ciki, matsi ne kawai ke riƙe da shi. Faɗin kwarin da kusurwarsa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Na gaba ya fi rarrabuwa. A Glock ɗan sukuru ne ke kama shi daga cikin silayid, mai kai kusurwa shida, kuma sai da siririn makulli na musamman mai awon 3/16 na inci. A SIG Sauer shi ma kwari ne kamar na baya. A CZ 75 wata 'yar ƙusa ce ta ratsa ta gefe ta riƙe shi. A Beretta 92FS da Makarov kuwa saitin gaba jiki ɗaya ne da silayid, ba ya cirewa sai da injin yanka ƙarfe, kuma wannan ya fita daga aikin gida. Masu bindiga samfurin 1911 su yi hattara ƙwarai, domin kwarinsu iri-iri ne, na Novak daban, na tsohon samfurin soja daban.

Masu Smith & Wesson M&P su san cewa a ƙarƙashin saitin baya akwai ɗan sifirin da murfinsa, na makarin da ke hana bindiga tashi in ta faɗi. Da saitin ya goce, sifirin zai yi tsalle. In ya ɓata, ko aka murƙushe shi wajen mayarwa, an taɓa lafiyar bindigar kanta.

Wane kayan aiki nake bukata, kuma yaya aikin yake?

Kafin kayan aiki, harsashi ya fita daga ɗakin gaba ɗaya. Cire gidan harsashi, ja silayid baya, duba ramin bututu da ido, sa ɗan yatsa ka taɓa, sannan ka maimaita. A Glock wannan ya fi muhimmanci, domin sai an ja kunama kafin silayid ya cire, kuma a nan ne mutane ke harbin kansu ko bangon gidansu. Ko ka tabbata ba komai a ciki, baki ya kalli inda ba mutum. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana nuna ɗan'uwa da makami, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. Yara su fita, ƙofa a rufe.

Daga nan silayid kaɗai za ka yi aiki a kai, ba bututu, ba sifirin. Kayan su ne: bayis, wato ƙarfen nan mai matse kaya a kan teburin makanikai, mai leɓe da aka lulluɓe da fata ko katako, na'urar tura saiti mai sukuru in ka samu, in babu sandar tagulla ko ta roba mai tauri da ƙaramar guduma, sai magagari mai laushin haƙori, da samfefa, da salatif, da ma'aunin kauri irin na makanikai, da gam ɗin Loctite shuɗi. Sandar baƙin ƙarfe ko sukundireba ba su da wuri a teburin nan.

Manna salatif a gefen silayid. Kama shi a bayis ta wajen da ƙarfen yake cike, kusa da saitin baya, kada ka matse tsakiyarsa inda yake fanko, domin yana iya lanƙwasa ya daina tafiya a kan jikin bindiga. Yi alama da fensir a inda tsohon saitin ya tsaya. Duba takardar kamfani ka ga ta wane gefe ake fitarwa, saboda wasu kwaruruwan sun fi matsewa ta gefe ɗaya. In akwai ɗan sukuru a saman saitin, kwance shi tukuna. Sannan ka tura daga gindin saitin, can ƙasa kusa da kwari, ba daga kunnuwansa ba.

Da ya fita, goge kwarin tas. Gwada sabon da yatsa. Yadda ake so shi ne ya shiga da hannu kamar sulusi zuwa rabin hanya, sannan ya cije.

Sabon ya ƙi shiga ko kaɗan. In ƙara ƙarfin guduma?

Ajiye gudumar. Da gangan kamfanoni ke yin saiti ya ɗan fi kwari girma, domin a rage shi ya dace da kowace bindiga. Abin da za ka riƙe shi ne: saiti ake gogewa, ba a taɓa silayid. Saiti in ya lalace ka sayi wani. Kwari in ya buɗe ya buɗe ke nan, kuma duk saitin da za ka sa nan gaba zai riƙa rawa.

Shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko wani abu mai santsi sosai, ka goga ƙasan saitin a kai, sau uku ko huɗu, da matsi daidai ko'ina. Goge, gwada. Sake gogawa, sake gwadawa. In ka shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a gindin saitin kafin ka gwada, wurin da tawadar ta goge shi ne wurin da ke cizo. Aikin yana cin lokaci, kuma gajen haƙuri a nan ne yake sa mutum ya ci ƙarfe fiye da kima a ja ɗaya. Wurin da ka goge ya zama tsiraran ƙarfe, don haka shafa masa ɗan mai. A Jidda da Yanbu, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri da laima, tsatsa ba ta jira.

In saitin mai tiritiyam ne, guduma ba ta dace da shi ba sam, domin bugu yana fasa kwalban. Sai na'urar turawa. In ya fashe, haskensa zai mutu, ka buɗe taga ka bar ɗakin ya sha iska, ka wanke hannu.

Na gaban Glock kuwa, goge mai daga sukurun da ramin, sa ɗigo ɗaya na Loctite shuɗi, lamba 242 ko 243, ka ɗaura a hankali kana duba cewa saitin yana kallon gaba sak. Sukurun gajere ne siriri, da ka ji ya tsaya ka tsaya. Loctite ja, lamba 271, sai da zafi mai tsanani yake sakewa, kuma zafin zai lalata zaren haske ko kwalban tiritiyam. Bar gam ɗin ya kwana ya wuni, awa 24, kafin harbi.

Na sa, na je fili, harsashi yana sauka gefe. Ta ina zan matsar, kuma nawa?

Saitin baya yana bin inda kake so harsashi ya koma. Kana so ya koma dama, tura na baya dama. Saitin gaba akasin haka yake: in ka matsar da shi dama, harsashi ya koma hagu, in ka sa mai tsawo, harsashi ya sauka ƙasa.

Nawa kuma, lissafi ne, ba ƙiyasi ba, kuma ina roƙon kowa ya koye shi. Auna nisan da harsashi ya kauce, ka ninka shi da tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, ka raba da nisan takarda, duka a milimita. Ɗauki Glock 17, wadda tazarar saitinta kusan milimita 165 ce. A mita 25 ramukanka sun taru santimita 10 hagu da tsakiya. Wato 100 sau 165, a raba da 25,000, ya ba ka milimita 0.66. Ka ga bai kai milimita ɗaya ba. Shi ya sa bugu ɗaya na guduma yake kai mutum daga hagu ya wuce can dama, ya dawo, ya sake wucewa, har harsashi ya ƙare. Auna daga gefen silayid zuwa gefen saiti kafin ka taɓa, ka rubuta, ka matsar, ka sake aunawa.

Sama da ƙasa a saitin da ba ya murɗawa sai da sauya tsawo. Glock 19 tazararta kusan milimita 153 ce. In tana harbi santimita 8 sama a mita 20, lissafin ya ba da kusan milimita 0.6, wato saitin gaba da ya fi na yanzu tsawo da wannan awo. Glock na yin saitin baya a tsawo huɗu, 6.1 da 6.5 da 6.9 da 7.3, kuma kowane mataki yana ɗaga harsashi kusan santimita 6 a mita 25 a kan Glock 17. SIG Sauer lamba take sa wa nata, irin 6 da 8, kuma lamba mafi girma tana ɗaga wurin saukar harsashi.

Abu biyu ka tabbatar kafin ka sayi wani tsawon. Na ɗaya, yadda kake ɗora saiti a kan takarda: wani an yi shi ne don a ajiye bakin saitin a ƙasan baƙin da'ira, wani a tsakiyarta, wani kuma ɗigon ne zai rufe wurin da ake so. In ka riƙe wani iri da salon wani, za ka rantse saitin ya kauce alhali lafiyarsa lau. Na biyu, nauyin harsashi. A harsashin 9mm akwai mai giren 115 da 124 da 147 (giren awon nauyin harsashi ne), kuma mai nauyi yakan sauka ɗan sama da mara nauyi, domin ya fi jimawa a bututu yayin da baki ke ɗagawa. Daidaita da irin wanda za ka riƙa amfani da shi. Duk wannan gwaji a fili mai izini ake yinsa, ba a bayan gari ko istiraha, wato gidan shaƙatawa, ba.

Yaya, ni ina atisayen bindigar iska ta mita 10. Zan iya sa mai zaren haske?

Ƙanwata, in gasa kike nufi, a'a. Dokar hukumar harbi ta duniya, ISSF, buɗaɗɗen saiti kawai ta yarda da shi a ƙaramar bindiga, ta hana zaren haske da madubi da duk abin da ke ƙara haske. Bindigar gasa ma ba ta bukatar wannan aiki, domin saitin bayanta yana da sukurori na sama da ƙasa da gefe, wasu har faɗin tsagar ana murɗawa. Da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal, don haka ki riƙa ƙirga ƙarar kowace murɗawa kina rubutawa a littafi tare da yanayin hasken ranar.

Jan ɗigon nan na lantarki fa? Na ga ya yi yawa yanzu.

Wata 'yar na'ura ce mai gilashi da ake ɗorawa a kan silayid, tana nuna jan ɗigo a madadin saitin ƙarfe. Ga ido mai shekaru yana da daɗi sosai, domin takarda kawai za ka kalla, ɗigon ya hau kanta. Amma sai silayid ɗin da aka yanka masa wuri tun daga kamfani, kamar Glock MOS. Wanda ba shi da wurin sai an kai shi inji, kuma wannan sauyi ne na ainihi a jikin makami, ba mai yin sa sai mai lasisi bayan izini. Gindin na'urorin ma ba ɗaya ba ne: na Trijicon RMR daban, na Shield RMSc daban, kowanne da farantinsa.

Tsawon sukuru ne tarkon da ke ciki. A Glock, sukurun gefen dama in ya yi tsawo yana danne sandar da ke tura maƙatar fitar da kwanson harsashi, sai bindiga ta fara riƙe kwanso, mai ita yana zargin harsashi. Yi amfani da sukurun da aka ce, da makulli mai auna ƙarfin ɗauri, a kan adadin da kamfanin na'urar ya rubuta. Mai matsalar ido da ke sa fitilun mota su yi masa wutsiya da dare zai iya ganin ɗigon a warwatse, don haka ya leƙa ta cikin na wani kafin ya saya. Ƙurar ƙasar nan kuma tana toshe ɗan ramin da hasken ke fitowa a irin buɗaɗɗun, sai a riƙa hurawa ana gogewa da ƙyalle mai laushi.

Na goge fiye da kima, yanzu saitin yana zamewa da yatsa. Ya lalace ke nan?

In yana da sukurun sama, ɗaure shi da ɗigon Loctite shuɗi, ka yi alama da farin fenti a gefe, rabi a kan saiti rabi a kan silayid, ka duba bayan harbi hamsin ko layin ya rabu. In ba shi da sukuru kuma yana tafiya da turin yatsa, kada ka cusa takarda ko gwangwani a ƙasa, kada kuma ka doddoki leɓen kwarin don ya matse. Duk lokacin da aka harba, silayid yana dukan baya da gaba da ƙarfi, kuma abin da yatsa ya iya motsawa ba zai zauna ba. Sayi wani saitin, ka mayar da tsohon na kamfani kafin sabon ya iso. Saboda irin wannan rana ake ajiye tsohon a cikin akwatin bindiga tare da rasit ɗin dillali da takardar izini.